Awon Ƙwaƙwalwar Manhaja: Yadda Ake Gano Yoyo da Abin da ke Jawo Nauyi

Duk manhajar da ke aiki a kwamfuta ko a waya aron wuri take yi daga ƙwaƙwalwar aiki ta na'urar, wato RAM, don ta ajiye abin da ke hannunta a lokacin: hoton da aka buɗe, saƙon da ake rubutawa, lissafin da bai kai ƙarshe ba. Wurin ƙayyadadde ne, kuma manhajoji da yawa ne ke rububinsa. Ƙa'ida ita ce manhaja ta nemi iya abin da take bukata, ta yi aikinta, ta mayar. Awon rabon ƙwaƙwalwa shi ne bin diddigin wannan karɓa da mayarwa: wane sashe na manhajar ne ya nema, nawa ya karɓa, yaushe, kuma me ya hana a mayar. Tambaya ta ƙarshen nan ita ce ta fi wuya, kuma a kanta mafi yawan aikin yake ƙarewa.

Manhaja tana ajiya a manyan wurare biyu. Na farko shi ne sitak, inda kowane ƙaramin aiki da aka kira yake samun ɗan wurinsa, wurin kuma ya kuɓuta da kansa da zarar aikin ya ƙare. Ba kasafai matsala ke fitowa daga nan ba. Na biyu shi ne hif, babban filin da ake yanko wuri daga cikinsa don abubuwan da za su daɗe, ko waɗanda ba a san girmansu ba sai manhajar ta fara aiki. A harshen C ana nema da umarnin malloc, a mayar da free, kuma mai rubuta manhajar ne ke da alhakin ganin kowace karɓa ta sami mayarwarta. Harsuna irin su Java, Go, C# da JavaScript sun ɗauke wa mutum wannan nauyi ta hanyar mai kwashe shara, wani sashe da ke zagayawa lokaci-lokaci yana ƙwato duk abin da manhajar ba ta da sauran hanyar kaiwa gare shi. Dabara ce tsohuwa, John McCarthy ne ya fito da ita don harshen Lisp wajen shekarar 1959.

Daga nan yoyo, wato wurin da aka karɓa ba a mayar ba, ya kasu biyu, kuma rashin bambance su yana ɓata wa mutane lokaci. Akwai wurin da aka karɓa sannan adireshinsa ya ɓace, ta yadda manhajar ba za ta iya amfani da shi ba, ba kuma za ta iya mayar da shi ba. Akwai kuma wurin da adireshinsa na nan daram a cikin wani jeri ko tebur, amma babu ranar da za a sake waiwayarsa. Kamar gidan haya ne: wani ɗan haya ya yi tafiyarsa da makulli, wani kuwa sunansa na cikin littafin mai gida amma ya shekara bai kwana a ɗakin ba. Duka ɗakunan biyu sun fita daga hannun masu neman wuri. Na'ura tana iya gano iri na farko da kanta, kuma mai kwashe shara yana maganinsa. Iri na biyu kuwa, a idon na'ura, ajiya ce ta halas. Shi ya sa manhajar Java ko JavaScript take yoyo duk da cewa babu wanda ya manta da free a cikinta.

Abin da ke sa yoyo wuyar kamawa shi ne ƙanƙantarsa. A ɗauka, a matsayin misali, wata uwar garke tana amsa buƙatu 500 a daƙiƙa, kuma kowace buƙata tana barin bayit 200 da ba a mayar ba. A gwajin minti biyu a kwamfutar mai rubutawa, abin da zai taru megabayit 12 ne kacal, ba wanda zai lura. A kwana ɗaya na aiki na gaske ya haura gigabayit 8. Idan ƙwaƙwalwa ta ƙare a Linux, wani sashe na tsarin yakan zaɓi manhaja ɗaya ya kashe don sauran su rayu, kuma masu kula da uwar garke sun san alamarsa: manhaja ta mutu ba sallama, ta bar lambar fita 137.

Abin da ya faru da kamfanin Amazon ranar 22 ga Oktoba, 2012, ya nuna yadda ƙaramin abu ke zama babba. A sashen ajiyar bayanai na EBS, a yankinsu na gabashin Amurka, kowace uwar garke tana ɗauke da wata 'yar manhaja mai aika rahoto zuwa na'urorin tattara bayanai. Ɗaya daga cikin na'urorin ta lalace aka sauya ta, amma sabon adireshin bai isa ko'ina ba, sai wasu daga cikin 'yan manhajojin suka ci gaba da neman na'urar da ba ta nan. Wannan nema da ba ya samun amsa ya tayar da wani yoyo da ya daɗe a kwance a cikin rubutunsu. A hankali suka cinye ƙwaƙwalwa har uwayen garken suka kasa yi wa abokan ciniki aiki, shafuka irin su Reddit suka tsaya. Kamfanin ya bayyana cewa yana sa ido a kan jimillar ƙwaƙwalwar kowace na'ura, amma ƙararrawa ba ta kaɗa ba, domin dama na'urorin sun saba amfani da kusan duk ƙwaƙwalwar da suke da ita. Jimilla ba ta faɗi wanda ke ci ba.

Haka kuma ba duk hawan lamba ne yoyo ba. Lambobin da tsarin na'ura ke nunawa suna da ruɗani. Akwai girman filin da manhaja ta keɓe wa kanta a takarda, wanda zai iya zama gigabayit da yawa alhali ba ta taɓa mafi yawansa ba, akwai kuma abin da ke zaune a RAM a zahiri, wanda ake taƙaita sunansa da RSS. Ko shi RSS ɗin yana haɗawa da sassan da manhajar ke tarayya da wasu a kansu. Ƙari a kan haka, idan manhaja ta kira free, wurin yakan koma hannun mai rabon ƙwaƙwalwa da ke cikin manhajar ne, shi kuma ya riƙe don buƙata ta gaba maimakon ya miƙa wa tsarin na'ura nan take. Saboda haka lamba tana iya hawa ta tsaya a sama ba tare da wani laifi ba. Abin dubawa shi ne siffar hawan a tsawon lokaci. Lafiyayyar manhaja takan hau da farko yayin da take cika ma'ajiyoyinta na wucin gadi, sannan ta daidaita. A harsuna masu kwashe shara layin yakan hau ya sauka kamar haƙoran zarto, kuma gindin haƙoran ake kallo: idan abin da ya rage bayan kowace shara ya fi na baya, alhali nauyin aiki bai ƙaru ba, to akwai abin bincike.

Kayan awo na farko da suka yi fice su ne masu sa ido a kan kowace karɓa da kowace mayarwa. Purify, wadda Reed Hastings da Bob Joyce suka bayyana a wata takarda a 1992, tana cikin waɗanda suka buɗe wannan hanya a kasuwa.  A 2002 Julian Seward ya fitar da Valgrind kyauta, kuma har yau masu rubutu da C da C++ a Linux suna komawa gare ta. Sashenta mai suna Memcheck yana tafiyar da manhajar a kan wata na'ura ta kwaikwayo, yana rubuta asalin kowane yanki da aka karɓa. Idan manhajar ta ƙare, sai ya bi ƙwaƙwalwa yana neman adireshin kowane yanki da ba a mayar ba, ya kasa su huɗu: wanda babu ko adireshi ɗaya da ke nuna shi, wato ya ɓace tabbas, wanda ya ɓace saboda abin da ke riƙe da adireshinsa ya ɓace, wanda adireshi ke nuna tsakiyarsa ba farkonsa ba, don haka ana shakka, da wanda har yanzu ana iya kai wa gare shi. Ƙarƙashin kowanne akwai jerin kiraye-kirayen da suka kai ga karɓar, har da sunan fayil da lambar layi. Hikima ita ce a fara da kashi na farko, domin gyara shi yakan share na biyu gaba ɗaya. Kashi na huɗu kuwa mutane da yawa suna tsallake shi, alhali a nan ne yoyo iri na biyu yake ɓuya.

Kuɗin wannan zurfin bincike shi ne jinkiri: manhaja a ƙarƙashin Memcheck takan yi nauyi ninki 20 zuwa 30. AddressSanitizer, wadda injiniyoyin Google suka gabatar a 2012, ta rage wannan zuwa kamar ninki biyu, ta hanyar dasa binciken a cikin manhajar tun lokacin da ake juya rubutunta zuwa harshen na'ura. Tare da ita akwai LeakSanitizer mai ba da rahoton yoyo idan manhaja ta rufe. Sauƙinsu ya sa ana iya haɗa su da gwaje-gwajen da ke gudana duk lokacin da aka sauya rubutu, kuma nan ne ya fi dacewa a kama yoyo iri na farko, tun bai bar hannun mai rubutawa ba.

Amma uwar garken da ke aiki wata da watanni ba ta rufewa balle a karanta rahoton ƙarshe, kuma ba za ta jure ninki biyu na nauyi ba. Maganin da aka samo shi ne ɗibar samfuri. Maimakon a rubuta kowace karɓa, sai a rubuta ɗaya a cikin kowane adadin bayit da aka raba. A harshen Go, adadin da aka saba shi ne kilobayit 512, kuma mai rabon jemalloc yana amfani da irin wannan tazara idan an kunna awonsa. Tcmalloc ta Google ma tana da wannan tsari. Hankalin da ke ciki a fili yake: wurin da ke cin ƙwaƙwalwa da yawa dole ya yawaita a cikin samfurin, ko da manyan yankuna yake ci ko da ƙanana barkatai, wurin da ba ya ci kuwa ba a damu da shi ba. Nauyin da wannan ke ɗora wa manhaja kaɗan ne, har ana barinsa a kunne a bakin aiki. Kayan nuni irin su pprof suna ba da fuska biyu da bai kamata a cakuɗa ba. Ɗaya tana nuna abin da ke riƙe a yanzu, ita ake dubawa idan ana neman yoyo. Ɗaya tana nuna duk abin da aka taɓa karɓa tun farkon aiki, ko an mayar ko ba a mayar ba, ita kuma ake dubawa idan ana neman dalilin nauyi.

A harsuna masu kwashe shara, sanin inda aka haifi abu bai wadatar ba. Abin da ake nema shi ne wanda ke riƙe da shi. Don haka ake ɗaukar hoton hif gaba ɗaya: kowane abu, girmansa, da abubuwan da yake nunawa. Eclipse Memory Analyzer tana karanta irin wannan hoto na Java, kayan masu gini na burauzar Chrome kuma suna yi wa JavaScript. A nan akwai ma'auni biyu na girma. Akwai girman abu shi kaɗai, akwai kuma jimillar abin da zai kuɓuta da a ce an kawar da shi. Wani tebur na iya zama bayit kaɗan a kansa, amma shi kaɗai ne hanyar kaiwa ga megabayit 300. Idan aka jera abubuwa bisa ma'auni na biyu, mai laifi yakan taso sama. Daga nan sai a bi sarƙar riƙo a koma baya, daga abin da ya ƙi mutuwa har zuwa tushen da mai kwashe shara ke farawa daga gare shi, a nemo mahaɗin da ya kamata a ce an yanke.

Manhajojin Android sun ba da misali mafi bayyana. Kowane shafi na manhaja abu ne mai ɗauke da maɓallai, rubutu da hotuna. Idan mai waya ya juya ta kwance, tsarin yakan rushe shafin ya gina sabo. To a ce shafin ya yi rajistar kansa wurin wani sashe mai tsawon rai, don a sanar da shi idan intanet ta ɗauke ko ta dawo, kuma mai rubutawa bai soke rajistar ba lokacin rushewa. Tsohon shafin ya bar fuskar waya, amma sunansa na cikin jerin masu jiran sanarwa, don haka mai kwashe shara ba zai taɓa shi ba, haka ma duk hotunan da ke rataye a jikinsa. A juya wayar sau goma, matattun shafuka goma sun taru. LeakCanary, wadda kamfanin Square ya fitar a 2015, an gina ta ne don wannan: tana lura da shafin da aka rushe, ta jira daƙiƙa biyar, ta sa a yi shara, idan har yana nan ta ƙirga shi cikin waɗanda aka riƙe, daga bisani ta ɗauki hoton hif ta nuna sarƙar da ke riƙe da shi. Irin wannan yoyo ya shafi duk mai rubuta manhaja don kasuwar da ƙananan wayoyi suka yi yawa, irin masu gigabayit 1 ko 2 na RAM da aka yi wa Android Go, waɗanda ba baƙi ba ne a hannun jama'a a Kano ko Maraɗi. Yoyon da babbar wayar mai rubutawa za ta shanye ba a sani ba, a ƙaramar waya shi ne manhajar da ke rufe kanta ana tsakiyar tura kuɗi.

Ko da wane kayan aiki aka riƙe, hoto guda ba ya tabbatar da yoyo, sai an kwatanta. Hanyar da ta fi inganci ita ce a bar manhaja ta yi ɗumi, a ɗauki hoto, a maimaita aikin da ake zargi adadin da aka sani, a ce buɗe shafi da rufe shi sau 50, a sake ɗauka, a duba bambanci. Abin da ya ƙaru da 50, ko da ninkin 50, shi ne abin tuhuma. Hoto na uku bayan wani zagayen yana raba abin da ke ci gaba da hawa da abin da ya cika sau ɗaya ya tsaya. A Python, tracemalloc da ta shigo tare da sigar 3.4 a 2014 tana yin wannan kwatanci ta jera layukan rubutu bisa yawan ƙarin da suka jawo. Sai dai a tsarinta na asali mataki ɗaya kawai na jerin kiraye-kiraye take ajiyewa, kuma sau da yawa wannan matakin yana cikin wani ɗakin karatu na gama-gari, wato tarin rubutun manhaja da kowa ke kira. Sai an ƙara zurfin kafin a ga wanda ya aiko.

Burauzar Firefox ta nuna yadda ake wannan aiki idan matsala ta yi yawa. Bayan fitowar Firefox 4 a 2011, ƙorafi ya yawaita cewa tana cin ƙwaƙwalwa. A watan Yunin shekarar Mozilla ta kafa shirin MemShrink, wanda Nicholas Nethercote ya jagoranta. Babban abin da suka dogara da shi shi ne shafin about:memory, inda kowane sashe na burauzar ke bayar da lissafin abin da yake riƙe, abin da ba a san mai shi ba kuma a ware masa layinsa, a yi ta ƙoƙarin rage shi. Da lissafin ya fito fili, masu amfani da kansu suka fara kawo rahoton shafukan da aka rufe amma ƙwaƙwalwarsu ba ta kuɓuta ba, kuma aka gano da yawa ƙananan manhajojin ƙari ne ke riƙe da su. Bin masu ƙarin ɗaya bayan ɗaya ba zai ƙare ba, don haka a Firefox 15, a 2012, aka sa burauzar ta riƙa yanke irin wannan riƙo da kanta idan an rufe shafi. Awo ne ya nuna cewa matsalolin da ake gani barkatai siffarsu ɗaya, gyara ɗaya kuma ya ishe su.

Ɓangaren nauyi da jinkiri yana da nasa salon. Manhaja tana iya mayar da duk abin da ta karɓa amma ta yi ta karɓa da mayarwa sau miliyoyi a cikin zagaye ɗaya na lissafi, kowanne da ɗan lokacin da yake ci, kuma kowanne yana matso da zagayen shara na gaba. Awo yakan nuna wurare kaɗan ne ke haifar da mafi yawan wannan: haɗa rubutu guntu-guntu a cikin zagaye, jerin da ake ta faɗaɗawa alhali an san girmansa tun farko, kwafin da ba a bukata. Gyaransu ba shi da wuya idan an gan su. Amma wani lokaci sharar ba ita ce matsala ba, yawan abin da ke raye ne. A 2020 kamfanin Discord ya bayyana yadda wani sashensa da aka rubuta da Go yake yin cak kusan kowane minti biyu. Sashen ba ya tara shara sosai, amma Go tana tilasta zagayen shara aƙalla duk minti biyu, kuma a kowane zagaye sai an bi wata katafariyar ma'ajiyar wucin gadi kaf don a tabbatar da abin da ke raye. Da suka rage girman ma'ajiyar tsaikon ya ragu, amma zuwa rumbun bayanai ya ƙaru. A ƙarshe suka sake rubuta sashen da Rust, harshen da ba shi da mai kwashe shara. Wannan ba hujja ba ce ta guje wa Go ko Java, domin yawancin manhajoji ba sa riƙe miliyoyin abubuwa a ma'ajiya ɗaya. Abin lura shi ne sun auna kafin su yanke hukunci.

Akwai kuma gutsurewar fili. Idan aka karɓi yankuna manya da ƙanana a cakuɗe, aka mayar da wasu aka bar wasu, sai a wayi gari da wuri mai yawa a buɗe amma a warwatse, kuma shafin ƙwaƙwalwa, wato yankin da ake bayarwa a dunƙule, ba ya komawa ga tsarin na'ura muddin akwai abu ɗaya mai rai a cikinsa. Alamarta ita ce ma'aunin hif ya ce manhaja na riƙe da kaɗan, RSS kuma ya ce da yawa. A nan neman mai laifi a cikin rubutu ɓata lokaci ne. Sauya mai rabo ya fi amfani, kamar yadda Firefox 3 ta ɗauki jemalloc, wadda Jason Evans ya rubuta don FreeBSD, a 2008.

Irin wannan giɓi tsakanin lambobi biyu yana iya fitowa daga wani wuri dabam. Kowane ma'auni yana ganin abin da ya bi ta ƙofarsa ne kawai. Hoton hif na Java ba ya nuna abin da wani ɗakin karatu na C ya karɓa a gefe, tracemalloc ma ba ta ganin abin da bai bi ta mai rabon Python ba sai an sanar da ita. Idan RSS na hawa alhali hif na cikin harshe a tsaye yake, sai a sauko ƙasa a auna malloc kansa da kayan aiki irin su heaptrack ko awon jemalloc. Hoton hif kuma yana ɗauke da duk abin da ke cikin ƙwaƙwalwa a lokacin da aka ɗauke shi, har da kalmomin sirri da bayanan mutane, don haka wanda aka ɗauko daga uwar garke mai aiki ya cancanci tsaro irin na rumbun bayanai, ba a tura shi ta saƙo ba. Ɗaukarsa ma yakan tsayar da manhaja na ɗan lokaci, fayil ɗin kuma ya kai girman hif ɗin.

Masu kula da uwar garke da yawa suna magance yoyo da sake kunna manhaja kowane dare, ko bayan ta amsa adadin buƙatu. Dabara ce mai sayen lokaci, kuma babu aibi a yi ta yayin da ake bincike. Haɗarinta shi ne tana goge shaida, kuma ranar da cinkoso ya ninka, abin da ke cika a awa 24 zai cika a 12, tun kafin lokacin sake kunnawar ya zo. Wanda ya ɗauki wannan hanya ya kamata ya sa a adana awon hif kafin kowace kashewa, ya kuma riƙa auna ƙwaƙwalwar kowace manhaja daban, har da ƙananan masu aika rahoto da ba a ɗauke su a bakin komai ba. A Java akwai zaɓin da ke sa manhaja ta rubuta hoton hif da kanta a daidai lokacin da ƙwaƙwalwa ta ƙare mata, kuma wannan hoton ya fi kowanne amfani, domin a lokacin ne abin da ya yoyo ya mamaye kusan komai.